Daɗin Baki Ba Ya Sayen Amana

Kamfanonin tasi marar direba sun lura mutane ba su saki jiki da motocinsu ba. Maganin da suka kawo shi ne a koya wa motar magana: murya mai taushi a ciki, allo a waje, fitilar da za ta ce wa mai tsallaka titi ya wuce. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan shi ne aiki mafi sauƙi, kuma ba a nan gizo ke saƙa ba.

A Oktoban 2023, a birnin San Faransisko na Amurka, wata mota mai direba ta buge wata mata, ta wurga ta gaban tasin kamfanin Cruise. Tasin ta taka ta, ta tsaya, sannan ta sake tashi don ta gyara tsayuwa a gefen titi, ta ja matar a ƙasa kimanin mita shida. Na'urorinta sun naɗi komai. Hukumar jihar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, tana zarginsa da ɓoye wannan ɓangare na bidiyon, daga baya kamfanin ya amsa cewa ya ba gwamnati rahoton ƙarya. A Disambar 2024 General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar. Motar ta iya yi wa fasinja maraba. Masu ita ne suka kasa faɗin gaskiya.

Kada mutumin Yawuri ya ce wannan zancen Turawa ne. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya tsage kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. An ceto mutum ashirin da 'yan kai. Nawa ne a ciki? Wasu suka ce 160, wasu kusan 200. Da an rubuta sunan kowa kafin a tashi, da iyalai ba su kwana suna kirdado ba. Wannan jirgi yana da matuƙi, mutum mai ido da baki, wanda ake gaisawa da shi. Sanayya ba ta hana lodin wuce kima ba.

Don haka ban goyi bayan masu cewa ɗan Adam kaɗai ne abin yarda ba, kuma ban goyi bayan masu cewa tsoron na'ura ƙauyanci ne ba. Mai tsoron yana da hujja. A tashar Yawuri, in direba ya yi ɓarna, akwai ƙungiya, akwai shugabanta, an san unguwarsu. In manhaja ta yi ɓarna, wa za a kira gaban alƙali?

Abin hawa, mota ne ko jirgi, magana uku nake so in ji daga gare shi. Ya ce na cika, ba zan tashi ba, ko mai shi ya matsa. Ya ce ban gane abin da ke gabana ba, ya tsaya inda ba zai cuci kowa ba. In kuma tsautsayi ya auku, bayanan da ya naɗa su isa hannun hukuma da iyalan mamaci kai tsaye, ba sai kamfani ya tace ba.

Tasi marar direba ba za ta bi hanyar Yawuri zuwa Kontagora bana ko baɗi ba. Amma ta farko da ta uku ba sa jiran fasahar Amurka. Littafin sunayen fasinja a kowace mashiga daga Shanga zuwa Wara, layin fenti a jikin jirgi da ke nuna iyakar lodi, da jami'in NIWA mai ikon hana tashi: biro da fenti sun isa. In mun kasa tilasta wa mai jirgin da muka san gidansa ya ƙirga mu, da wane ƙarfi za mu tilasta wa kamfanin da ke wata nahiya?