Jiran Gawon Shanu Ko Jiran Alheri?

A wannan wata za mu taɓa wani ciwo da masu son kiɗa suka sani, wato jiran sabon faifai daga ƙungiyar makaɗan da mutum ke ƙauna, shekara ta zo ta wuce, shiru kake ji.

Abin ya fi yawa ga makaɗan da Turawa ke kira indi, wato masu cin gashin kansu, waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. Mu malaman makaranta mun san cewa ɗalibin da ba a yanka wa ranar kawo aiki ba, sai ya ga dama yake kawowa. To haka waɗannan suke, ba su da ubangidan da zai tsaya a kansu.

Alal misali, ga ƙungiyar My Bloody Valentine da aka kafa a Dabilin ta ƙasar Ailan a 1983. A 1991 suka fitar da faifansu Loveless, bayan sun zaga ɗakunan ɗaukar sauti wajen 19, domin shugabansu Kevin Shields mutum ne da ba ya sakin aiki sai kunnensa ya gamsu. Ƙaramin kamfanin da ya ɗauki nauyinsu, Creation, ya sha wahalar kuɗi har ya rabu da su. Daga nan sai shiru. Faifai na gaba bai fito ba sai ranar 2 ga Fabrairu 2013, sama da shekara 21 ke nan. Jaririn da aka haifa lokacin na farko ya isa kammala kwaleji kafin na biyu! Su da kansu suka sa shi kasuwa ta intanet, kuma cincirindon masu saye ya sa shafinsu ya tsaya cik a daren. A 2021 Shields ya sake cewa sababbin faifai na tafe, shekara huɗu suka shuɗe ba a ga ko ɗaya ba.

Amma ba kowane shiru ne na neman gwaninta ba. Mu dawo nan Afirka ta Yamma mu dubi Orchestra Baobab ta Dakar, wadda aka kafa a 1970. Su kasuwa ce ta juya musu baya, matasan Senegal suka koma wa kiɗan mbalax na su Youssou N'Dour, ƙungiyar ta watse a 1987. Mai kaɗa musu jita, marigayi Barthélémy Attisso, ya koma Lome ya kama aikin lauya, ya rataye jitarsa. Abin da ya tashe su shi ne masu saye. Wani ƙaramin kamfani na Landan, World Circuit, ya sake buga tsohon faifansu Pirates Choice, jama'a suka yi rububinsa, suka sake haɗuwa a 2001, sabon faifai ya fito a 2002. Daɗin daɗawa, shi Youssou N'Dour ɗin yana cikin waɗanda suka tsara aikin.

To me muka koya? 'Yancin nan da ya sa kiɗansu ya bambanta da na kowa har muke son su, shi ne kuma yake jawo jinkirin. Ba a raba hanta da jini. Wanda ke son faifai duk shekara, sai ya nemi makaɗan da kamfani ke kora da bulala. Iyakar ƙorafinmu ga irin su Shields shi ne, alkawari kaya ne, in aiki bai nuna ba kada a sa wa mutane rana.

Saura namu laifin. A zangunanmu akwai samari masu kiɗa da waƙar Hausa da kuɗin aljihunsu. Jiya a kaset muke kwafe waƙarsu, yau a waya muke tura wa juna kyauta, sa'an nan mu zauna muna tambaya ina sabuwa. Da me zai biya ɗakin ɗaukar sauti? Muna kira ga 'yan uwa, in waƙa ta yi mana daɗi mu saya, in sun shirya wasa mu biya kuɗin ƙofa. Makaɗin da ya ci abinci shi ke komawa ga ganga.

Sai mun sadu a wata mai zuwa.