Gwaninta Ba Hauka Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani irin fim da Turawa ke son yi, wato na tarihin mashahuran masu zane waɗanda suka sha wahalar rayuwa. Yau ba sai an je sinima a Katsina ba, yaro na zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi zai kalle shi a waya. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu ɗauka a ciki, da abin da za mu zubar.

A 1956 aka yi fim ɗin Lust for Life, inda Kirk Douglas ya fito a matsayin Vincent van Gogh, mutumin Holan da ya yanke kunnensa a Faransa a 1888, ya mutu a 1890 yana da shekara 37. A 2000 kuma Ed Harris ya fito a matsayin Jackson Pollock, Ba'amurken da giya ta hallaka a hatsarin mota a 1956. 'Yan wasan nan sun yi ƙoƙari ƙwarai, har Harris ya zauna ya koyi zuba fenti irin na Pollock da hannunsa.

To, amma inda gizo ke saƙa shi ne, mai kallo ya fi riƙe wurin ihu da kuka da fashe-fashen kwalabe. Sai yaro ya tashi da tunanin cewa ba a zama gwani sai kai ya taɓu, ko sai an sha wani abu. Wannan ba gaskiya ba ne. Van Gogh ya bar zanen fenti fiye da 800 cikin shekara 10 kacal, kuma idan ciwon ya taso masa ba ya iya aiki, sai ya lafa. Ƙanensa Theo ne ke aika masa kuɗin fenti da na abinci. Shi ma Pollock, yawancin ayyukansa da aka fi yabo ya yi su ne tsakanin 1948 da 1950, lokacin da ya ajiye kwalba. Ashe ciwo da maye rage su suka yi, naci da taimakon dangi suka ɗaga su.

Muna kira ga masu shirya finafinan Hausa su waiwayi gida. Ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ga Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Idan za a yi fim a kansu, a nuna mana yadda ake kwaɓa ƙasa da yadda ake koyon aiki shekara da shekaru. Ɗan wasan da zai fito a matsayinsu ya fara zama gaban magini tukuna, don hannu ba ya ƙarya.

Mu kuma a nan, idan muka ga yaro yana zane a bayan littafinsa, ko yana tsayawa kallon masu fentin jikin manyan motoci, kada mu ce ya fara zarewa. A saya masa fensir da takarda, a haɗa shi da malami. Wanda kuma ya kamu da ciwon taɓin hankali, asibiti ya kamata a kai shi, ba a tsaya ana yi masa dariya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.