Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wa ya raya wasannin faɗa na Japan?

Akwai wata hujja da muka gaji da ji, a kasuwa da majalisa, har daga bakin masu ilimi: wai duk abin da masu yinsa suka yi ƙaranci, kuma ya daina kawo riba, to kwanansa ya ƙare, a bar shi ya mutu. Ba mu yarda ba. Shaidarmu kuwa daga inda ba a zata ba za mu ɗauko ta, wato gidajen wasan na'ura na ƙasar Japan, da 'yan tsirarun da suka ƙi barin wasu tsofaffin wasannin faɗa su bi ruwa.

A waɗannan gidaje akan jera na'urori biyu baya da baya. Mutum ya jefa yen 100, ya zaɓi gwarzonsa a allo, ya kara da wanda ke zaune a ɗaya gefen. Wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka kayar ya tashi ko ya sake biya. Duk wanda ya taɓa zama wurin dara a gindin bishiya ya san wannan doka. Tun da kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II a 1991 harkar ta bunƙasa, amma ba kowane wasa ne ya samu irin wannan kasuwa ba.

Ga misalin Street Fighter III: 3rd Strike na 1999. Kasuwa ba ta karɓe shi hannu bibbiyu ba, kamfanin ya ja jiki, bai kawo kashi na huɗu ba sai 2008. A tsakanin nan masoya ne suka riƙe wasan, suna haɗuwa suna koya wa juna sirrinsa. A 2004, a gasar Evo da aka yi a Kalifoniya ta Amurka, Daigo Umehara na Japan ya kara da Justin Wong. Saura ƙiris a gama da Daigo, ta yadda ko kare kai ya yi irin na yau da kullum sai ya faɗi. Sai ya kaɗe bugu goma sha biyar a jere, kowanne a daidai ƙiftawar da ya sauka, ya juya ya ci wasan. Hoton bidiyon wannan karawa ya zaga duniya, ya jawo dubban mutane cikin harkar. Babu sashen talla na wani kamfani da ya shirya wannan. Shekaru na horo ne a kan wasan da aka ce ya mutu.

Melty Blood kuwa ba ma daga babban kamfani ya fito ba. Ƙananan ƙungiyoyin masu sha'awa ne suka haɗa shi a 2002, bai shiga gidajen wasa ba sai 2005. An daɗe ana zolayar masoyansa cewa ko a banɗaki aka ba su wuri za su kafa gasa, don sau da yawa ba su samun babban zaure. Suka rungumi zolayar, suka ci gaba da wasansu, har aka sa shi cikin manyan wasannin Evo a 2010.

Duk wannan yana faruwa ne gidajen wasan suna rufewa. A 1986 sun haura 26,000 a Japan, zuwa 2019 sun dawo kusan 4,000. Da annobar korona ta zo, kamfanin Sega, wanda sunansa ke rataye a manyan gidajen wasa na Tokiyo, ya sayar da mafi yawan wannan reshe a 2020, ya ƙarasa ficewa a 2022. A wannan shekara ta 2020 gidan Mikado na unguwar Takadanobaba, matattarar tsofaffin wasanni, ya nemi agaji, masu zuwa wurin suka yi karo-karo na miliyoyin yen don kada ya rufe. Mai ƙarfi ya tsere, mai ƙaramin aljihu ya tsaya. Wa ya fi cancanta a kira shi mai abu?

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne yadda ake dawowa girbi a gonar da aka yi wa ƙaura. Wani masoyin waɗannan wasanni, Tony Cannon, shi ya ƙirƙiro GGPO, dabarar da ke rage jinkiri idan ana karawa ta intanet, saboda abin da kamfani ya bayar bai gamsar ba. Da Capcom ya tashi sake sayar da 3rd Strike a 2011, da ita ya yi aiki. Garou: Mark of the Wolves ya fito a 1999, kamfanin SNK ya durƙushe a 2001, masoya suka riƙe wasan shekara ashirin da shida kafin magajinsa ya zo a 2025. Da ya zo, sai ga Cristiano Ronaldo cikin 'yan faɗan, don a jawo baƙi. Ba mu musanta cewa kamfani ne ya ƙera, kuma yana da haƙƙin cin riba. Amma in ba don waɗanda suka ƙi tashi ba, me zai tarar ya sayar?

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce: wasan yara ne, ɓata lokaci ne da kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, domin wasan da ya hana mutum salla ko karatu ko neman na kai ya zama cuta, ko na na'ura ne ko ƙwallo ko karta. Ba mu zo tura kowa gidan wasa ba. Abin da muke nunawa shi ne halin mutanen: kowa ya san ranar haɗuwa, gwani yana zama da sabon shiga ya koya masa, in na'ura ta lalace a nemo mai gyara, in haya ta gagara a yi karo-karo.

Mu da muke zaune a zanguna, cikin ƙasashen da Hausa ba ita ce harshen ofis ko na jarrabawa ba, wannan hujja ta rashin yawa da rashin riba ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Da ita ake ce mana mu bar yi wa 'ya'yanmu Hausa a gida, da ita ake kallon ajami da tatsuniya kamar tarkace. Wasu daga cikinmu sun karɓa, suna jiran wata hukuma ko wani attajiri ya zo ya ceto mana abinmu. Masu wasan Takadanobaba ba su jira kowa ba. In har mutane za su yi wannan ɗawainiya saboda wasan yen ɗari, to mu da ke riƙe da harshen kakanni, wane uzuri ya rage mana?