Ambaliya da taswira: wa ya san inda ruwa ke kwana a unguwanninmu?

Duk damana maganar ɗaya ce. A 2020 kogin Isa ya fasa shinge ya shiga Lamorde da Kirkissoye a Yamai. A 2024 ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, ya kuma kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Bayan kowace masifa sai a hau ƙidayar gidajen da suka faɗi, amma tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: a wace takarda aka zana waɗannan gidaje tun kafin ruwan ya zo?

Muna da ma'aikatar taswira ta ƙasa, wato IGNN, sai dai garuruwanmu na girma da gudun da babu ma'aikatar da za ta iya binsu ita kaɗai. Unguwa takan tsiro a bakin kwari cikin shekara biyu, ba kanibo, ba sunan titi.

A nan ne OpenStreetMap ke da amfani. Taswirar duniya ce da wani ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara a 2004, kowa na iya buɗe ta ya zana gida ko rijiya ko likita, kowa kuma na iya ɗaukar bayanan kyauta muddin ya ambaci inda ya samo su. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a 2010, masu sa kai sun zana birnin Port-au-Prince daga hotunan tauraron ɗan Adam cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. Sai QGIS, manhajar kwamfuta da ake amfani da ita tun 2002: ita ce ke ɗora bayani kan bayani, a ga tudu da gangare, a ga inda ruwa zai bi, a ƙirga gidajen da ke kan hanyarsa. Takwararta ArcGIS sai an biya lasisi, ita ko QGIS ko dala ba a biya. Ga komin ɗin da albashin ma'aikata ma ke yi mata nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matasa kuma na iya zagaya unguwa da KoboCollect a wayar salula, su ɗauki wurin kowane kanibo da ya toshe ko da babu rezo, su tura daga baya.

To amma kada mu ruɗi kanmu da kalmar "kyauta". Manhajar ce kyauta. Kwamfuta, wutar lantarki, kuɗin intanet da horo duk sai an biya. Mun sha ganin aikin da ke tafiya muddin kuɗin masu tallafi na nan, ranar da suka tattara sai taswirar ta tsaya cak, gari kuwa ya ci gaba da yaɗuwa. Tsohuwar taswira na iya kai motar agaji hanyar da ruwa ya riga ya cinye.

Akwai kuma batun tsaro. Abin da aka sa a OpenStreetMap duk duniya na gani, na kirki da na banza. A halin da ƙasa ke ciki, ya kamata hukuma ta fito fili ta ce ga abin da za a zana, ga wanda za a bari, maimakon saurayi ya fita da waya yana auna kanibo a ɗauke shi ɗan leƙen asiri.

Sunaye ma abin dubawa ne. A watan Oktoban 2024 titin Charles de Gaulle na Yamai ya koma titin Djibo Bakary, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa. OpenStreetMap na ba da damar a rubuta sunan wuri da harshe fiye da ɗaya, har da Hausa da ƙugiyoyinta, kamar yadda mai unguwa da 'yan kabu-kabu ke kiransa. Idan magadan gari na Maraɗi, Tawa da Damagaram za su ware ko ma'aikaci guda su horar da shi kan QGIS, su haɗa shi da ɗaliban jami'o'in da ke garuruwan uku, a fara da kanibo da kwaruruka tun rani bai wuce ba.