Wa Ya Ce A Sa Ta A Buhu?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a a garin nan namu na Gusau da ta daɗe tana ci mini rai, kuma yau sai na faɗe ta ko da za a ce na cika surutu. Kyanwa, ko mussa kamar yadda tsofaffinmu na nan ke cewa, muddin tana da ƙarfi tana kama ɓera, to 'yar gida ce. Ranar da haƙoranta suka zube, ta rame, ta fara fitsari inda bai kamata ba, sai ka ji an ce, "Kai yaro, zo ka sa ta a buhu." A kai ta bakin gulbi, ko a saki buhun a gefen hanyar Tsafe, a dawo gida a ci tuwo hankali kwance.

Ni ma a gidanmu an so a yi haka. Tun 2011 wata farar kyanwa ta shigo ɗakin marigayiya mahaifiyata, tana 'yar mitsitsiya. A gindin gadonta ta girma, kuma har tsohuwa ta rasu ɓera bai taɓa huda mata buhun gero ba. Bara sai kyanwar ta soma shan ruwa kamar raƙumi, tana fitsari ba iyaka, tana ramewa, bakinta na wari. Kawuna ya leƙo ya gan ni ina ba ta abinci da cokali, ya riƙe haɓa ya ce, "Ɗana, lafiyarka kuwa? Mutane na kwana da yunwa, kai kana jinyar mussa?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ba tuwon kowa ta ci ba."

Ban raina maganarsa ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda mudu ya koma. Ga 'yan'uwanmu da ɓarayin daji suka koro daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, suna raɓe a kangaye. Duk wanda zai hana maraya loma ya ba kyanwa, ni ma ba na tare da shi. Amma tsakani da Allah, wanda ya sa tasa a buhu, ka taɓa ganin ya ɗauki abincinta ya kai wa 'yan gudun hijira? Da yunwar mutane yake fakewa, alhali ƙyuya ce da ƙyama kawai.

Kuma mu da muke cewa mu Musulmi ne, ina muka kai abin da aka karantar da mu tun muna zaure? An gaya mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. To, kyanwar da ba ta da haƙori, ka ɗaure bakin buhu ka yar, me ya raba ka da matar nan? Sahabin da aka fi ruwaito hadisi daga gare shi, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma an nuna cewa ita ba najasa ba ce. Ko a ɓangaren boko, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin korar ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Wato shekara goma sha tana gadi, ba albashi.

Sau ɗaya na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya duba ya ce alamun ciwon ƙoda ne, wanda ya fi kama tsofaffin kyanwoyi, kuma ba ya warkewa, sai dai a sassauta mata. Ya ce kyanwa mai shekara 15 daidai take da mutum mai shekara 76. Sai na ga ashe tsohuwa nake jinya.

Ga abin da jinyar ta ci. Ruwa mai tsabta a kwano uku, a wurare uku, don kada ta yi nisa. Kifi ko kayan cikin kaza daga wurin masu fiɗar kaji, a dafa da ruwa zalla, a cire ƙaya, a dame da romon. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Kada ka ce ai ga sauran miya. A ɗan ɗumama abincin, ƙanshin ne ke jawo ta, a ba ta kaɗan-kaɗan. Madara kuwa, da muke ɗauka gata ce, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. In hunturu ya shigo, kwali da tsohon zani a lungun da iska ba ta bugawa. Tsohon faranti mai faɗi da yashi a ciki ya raba mu da rigimar fitsari. Da yake ba ta iya lasar jikinta sosai, uwargida kan goge ta da tsumma mai ɗumi. Duk a haɗa bai kai abin da Kawu ke kashewa a goro ba, amma wannan ban faɗa masa ba.

Inda nake so ka buɗe kunne, ya kai mai karatu, shi ne maganar magani. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, tasa ta kwanta, tausayi ya sa ya je kemis. Mai shagon ya ce ya ɓantari farasitamol ya ba ta. Kwana biyu ba ta yi ba, fuska ta kumbura, dasashi ya sauya launi, ta mutu. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol irin yadda tamu ke yi, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Haka masu shafa mata otapiyapiya wai don ƙuma: guba ce, za ta lashe. In ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, likitan dabbobi za ka nema, ba mai kemis ba. Wanda ya san allurar shanu ma ba lallai ya san kyanwa ba, ka tambaye shi tukuna.

Tamu tana nan da sauran kwana. Ba ta iya hawa katanga, ɓera ma ya wuce ta gabanta sai dai ta bi shi da ido. Shekaranjiya Kawu ya zo gaisuwa, ta taso daga kwalinta tana ɗingishi, ta je ta kwanta a kan takalminsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wannan ba ita ce ta Yaya ba?" Na ce ita ce. Da zai tafi, sai da ya jira ta tashi don kanta.