"Baba, ka kwanta ka huta" ba magani ba ne

A Kakuri da Makera da Nasarawa akwai dattawa da yawa da suka kwashe shekaru a tsaye gaban injin masaƙa, kafin masaƙun irin su KTL su rufe. Yau galibinsu sun haura shekara 60, kuma a irin waɗannan shekarun ne sankarar furostet, wadda aka fi sani da sankarar mafitsarar maza, ke kama mutum. Ita ce sankarar da ta fi yawa a tsakanin mazan Najeriya, kuma da dama ba sa zuwa asibiti sai ta riga ta bazu, sau da yawa har cikin ƙashi.

Da zarar likita ya faɗi sunan cutar, abin da muke yi a gida iri ɗaya ne: a shimfiɗa wa Baba tabarma, a hana shi ɗaga ko buta. Muna ganin gata muke yi masa. Gaskiyar magana, wannan gatan na iya ƙarasa kwantar da shi.

Ga dalili. Sankarar nan da sinadarin namiji take girma, shi ya sa maganin da aka fi bai wa wanda tasa ta yi nisa shi ne allura ko tiyatar da ke sauke wannan sinadarin. Maganin na danne cutar, amma yana zaftare naman jiki, yana raunana ƙashi, yana kawo kasala da tumbi. In aka haɗa da kwanciya dare da rana, cikin 'yan watanni mutumin da ke tafiya masallaci ko coci da ƙafarsa sai an riƙe shi zuwa banɗaki.

Motsa jiki ba ya warkar da sankara, kuma ba ya maye gurbin allura. Amma yana rage gajiya, yana riƙe ƙarfin ƙafa, yana rage haɗarin faɗuwa. A Ingila, ƙa'idar hukumar NICE ita ce a ba masu shan wannan magani horon motsa jiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, aƙalla sau 2 a mako har tsawon mako 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na shawartar manya da minti 150 na motsa jiki a mako, kowa gwargwadon iyawarsa.

Wani zai ce ai wannan na masu kuɗi ne. Ina! Tattaki da sassafe kafin rana ta take, tashi da zama a kan kujera sau goma, ɗaga gorar ruwa da hannu, duk ba sa cin ko kwabo.

Sai dai a kiyaye. In cutar ta taɓa ƙashin baya ko na ƙugu, ba kowane motsi ne ya dace ba, dole likita ko likitan gashin ƙashi ya tsara abin da za a yi. Sabon ciwon baya mai tsanani, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari kuwa, asibiti za a nufa a ranar, ba gobe ba.

Kiranmu ga asibitocin da iyayenmu ke zuwa, daga Gwamna Awan da St. Gerard's a Kakuri, zuwa Barau Dikko da asibitin koyarwa na Shika, shi ne duk wanda aka ɗora kan wannan magani a haɗa shi da sashen gashin ƙashi tun ranar farko, a rubuta masa abin da zai riƙa yi a gida.

Mu kuma matasa, mu da ke raka su asibiti, mu riƙa tambayar likita kai tsaye: wane motsi ne Baba zai iya, wanne ne zai guje wa? In mun dawo gida mu ajiye waya na minti 20, mu riƙe masa hannu zuwa bakin layi mu dawo. Dattijon da ya ciyar da gida da ƙarfin jikinsa ya cancanci a taimaka masa ya ci gaba da tsayawa da ƙafarsa.