Ciwon suga: Mu riƙa duba ƙafa tun ba a kai ga yankewa ba

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban san zurfin wannan magana ba sai da wani kawuna, manomin shinkafa a fadamar Argungu, ya rasa yatsun ƙafarsa uku saboda ƙaya guda. Yana fama da ciwon suga, ya taka ƙayar a gona bai ji komai ba, sai da matarsa ta ga jini a silifarsa. Aka yi ta shafe-shafen ganye da toka har mako uku. Ko da muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi, naman ya riga ya ruɓe, likita bai da zaɓi sai wuƙa.

Mai karatu zai so sanin yadda mutum zai taka ƙaya bai ji ba. Idan suga ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Ƙafa ta daina jin ciwo, rauni ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama har su kai ga ƙashi. Da haka ɗan faso ko ƙuna ke zama gyambo.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da likitoci suka gudanar a manyan asibitoci shida na Nijeriya tsakanin 2016 da 2017, ciki har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya bi majinyata 336 masu irin wannan gyambo. Fiye da kashi ɗaya cikin uku an yanke musu ƙafa ko wani sashenta, kimanin ɗaya cikin biyar kuma suka rasu.

Mu mutanen kwarin Rima muna da namu ƙarin haɗarin. Manomi da masunci suna yini cikin ruwa da taɓo babu takalmi. Da bazara, dattijo zai tuɓe takalmi ya taka dandamalin masallaci da rana tsaka, ya ƙone tafin ƙafarsa bai sani ba. Da hunturu kuma a gasa ƙafa a kaskon wuta. Ga masu yankan farce na bakin titi da ke haƙa da reza.

Sai dai Allah Ya hore mana wata dama da muke wasa da ita. Sau biyar a rana muke wanke ƙafa wajen alwala. Me zai hana mai ciwon suga ya mayar da wannan lokaci na duba tafin ƙafa da tsakankanin yatsu, ya kuma tsane su da ƙyalle mai tsabta? Wanda idonsa ya raunana, ɗa ko jika ya duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya shafa mai a diddige, ya daina taba, ya riƙe maganinsa da tsarin abincinsa.

Idan rauni ya bayyana, komai ƙanƙantarsa, asibiti za a nufa a ranar. A can ne za a kankare mataccen nama, a wanke, a ba da maganin ƙwayoyin cuta, a daidaita suga ko da sai an yi allurar insulin, sannan a hana taka wurin har ya warke. Tsoron yanke ƙafa ne ke hana mutanenmu zuwa, alhali jinkirin shi ke jawo yankewar.

Kirana ga ma'aikatar lafiya ta Jihar Kebbi shi ne ta wajabta cewa duk mai ciwon suga da ya zo asibiti, daga Asibitin Sir Yahaya har zuwa ƙananan ɗakunan shan magani na karkarar Argungu, a sa shi ya cire takalmi a duba ƙafarsa. Gwajin jin taɓi da ɗan siririn zaren roba ba ya cin minti biyar. Limamanmu kuma su riƙa tunatarwa a huɗuba, musamman a kusa da 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya.

Kawuna ya bar noma yanzu, iyalinsa goma sha ɗaya suna jiran abin da 'yan uwa za su aiko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya sa mu farga, amin.